Gwankin Kawu

Ƙaramar Sallar bana ƙara ta bar mini a kunne. Ni tela ne, shagona yana Fagge a Kano, kekuna huɗu da injin surfani ɗaya, kuma duk wanda ya san sana'armu ya san goman ƙarshe na azumi ba barci muke yi ba. Da an sha ruwa sai a hau keke. In an ɗauke wuta a ta da janareto a bakin ƙofa, na maƙwabci yana ruri, na gaba da shi ma haka. Mai shadda yana tsaye a kanka, mai kayan yara yana ta bugo waya. Ana kiran assalatu ranar Idi na miƙa rigar ƙarshe. Da aka sauko daga Idi na kwanta, sai na ji wani abu yana "ziii" a kunnena na dama, kamar gyare ya shiga ya rasa hanyar fita. Aka gama yawon Sallah, baƙi suka watse, abin nan bai daina ba. Ko yarana ne suka yi mini magana sai in ji raina ya ɓaci ba gaira ba dalili.

Mai ɗakina ce ta fara cewa, "Maigida, ka rufe shagon nan ka je wani wuri ka huta." To ina? Ƙauyenmu ba ya hutar da wanda ya zo daga birni. Tun daga asuba gaisuwa ce har dare, kuma ba ka isa ka ce a ƙyale ka ba.

A lokacin Kawu yana gidanmu. Yayan mahaifiyata ne, ya haura saba'in, yana zaune a ƙauyenmu na ƙasar Tudun Wada, can bakin dajin Falgore. Kafin azumi aka cire masa yanar ido, idon da ya shekara shida yana ganin duniya kamar cikin hazo ya washe tas. Wata yamma muna zaune a tsakar gida, ya daɗe yana kallon wani ƙadangare a jikin katanga, sannan ya ce, "Ɗan nan, tunda Allah ya mayar mini da idona, abu ɗaya nake so in sake gani kafin ta Allah ta kasance. Gwanki."

Kakanmu maharbi ne. Da kwari da baka ya fara, daga baya ya samu bindigar toka. Ban riske shi da ƙarfinsa ba, amma na tashi na ga kan burtunsa a rataye a zaure: itace ne aka sassaƙa da dogon baki, aka rufe da baƙar fata, da igiyar ɗaurawa a goshi. Mu yara tsoronsa muke ji. Kawu shi ne ɗan da yake bin sa daji yana riƙe masa gora, kuma rabonsa da ganin gwanki tun yana saurayi, kafin a haife ni. Ni kuwa ban taɓa ganinsa ba ko sau ɗaya. Sunan kawai na sani, daga kirarin nan da ake yi wa mazaje, gwanki sha bara.

Sai na ce mu tafi Yankari, gandun namun dajin nan na Jihar Bauchi. Na bari sai da aka yi kwana goma da Sallah, 'yan yawon hutu sun koma gida, na tambayi lafiyar hanya wurin direbobin Bauchi, na ari motar abokina. Wani da ya taɓa zuwa ya gaya mini ƙudan tsando na wurin baƙi da shuɗi yake bi, don haka na yanka wani yadi ruwan ƙasa da ya yi saura a shago na ɗinka mana 'yar shara bibbiyu. Ranar Litinin bayan asuba muka fita. Wudil, Birnin Kudu, muka karya ta Ningi, kafin azahar muna Bauchi. Daga nan muka ɗauki hanyar Gombe har Dindima, inda gada ta ratsa kogin Gongola, muka yanki kudu zuwa Mainamaji a ƙaramar hukumar Alkaleri. Nan ƙofar gandun take.

Abin da ba a gaya wa mutum shi ne, in ya shiga ƙofar nan bai iso ba tukuna. Akwai sauran kilomita arba'in da 'yan kai kafin sansanin Wikki, kuma a duk tsawon nan babu gida, babu gona, babu mai talla, babu ko akuya. Kwalta ce siririya da itatuwa dama da hagu. Faɗin dajin murabba'in kilomita 2,244 ne. A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe shi, lokacin Sardauna yana Firimiya, aka buɗe wa baƙi a watan Disamba na 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Wato shekara kusan saba'in ke nan garma ba ta shiga ƙasar nan ba. Mun yi tafiyar minti goma sai Kawu ya ce in kashe rediyo in sauke gilashi. Na kashe, na kashe wayata ma na jefa ta aljihun mota. Iska mai zafi ta shigo da ƙamshin busasshiyar ciyawa, Kawu ya ja ta har cikin ƙirji, bai ce komai ba.

Sansanin kusan wayam muka same shi. Ɗakuna jere a ƙarƙashin itatuwa, mota biyu ko uku, ma'aikata suna inuwa. Masu gidan na ainihi su gwaggon biri ne. Suna zaune bisa dakali, suna yawo tsakanin ɗakuna, uwa da ɗanta a kan gadon baya kamar mahayi. Wanda ya ba mu makulli ya ce, "Baba, ku riƙa kulle ƙofa da taga, kuma kada a fito da leda a hannu." Gaskiyarsa, don kafin mu gama sauke kaya wani ƙaton namiji ya zari ledar burodinmu ya koma gefe yana ci yana kallonmu. Kawu ya ce a bar masa, mu muka zo garinsu. Ga kuma gadu, wanda ake ce wa mugun dawa, suna kiwo a filin sansanin. Sai ka ga ya durƙusa bisa gwiwoyin gaba yana tsinkar ciyawa, in ya firgita ya miƙe wutsiya sama ɗoɗar ya ruga, 'ya'yansa a bayansa kowa da tasa wutsiyar a tsaye.

Da la'asar sakaliya muka gangara Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumin da ke kusa da sansanin. Matakala ce mai tsawo, na riƙe hannun Kawu muna sauka a hankali, zafin sama yana raguwa, inuwa tana ƙaruwa. A ƙasa wani jan dutse ne a tsaye kamar bango, ruwan yana fitowa daga ƙarƙashinsa shiru, ba tafasa ba kumfa. Ban taɓa ganin ruwa mai tsabtarsa ba. Kana tsaye a ciki har ƙirji kana ƙirga yatsun ƙafarka bisa farin rairayi. Tsawon wurin wankan kamar mita 200, faɗinsa 13, wajen dutsen ya sha kan mutum, can ƙasa kuwa yaro ma zai tsaya. Ɗuminsa digiri 31 ne, rani da damina, dare da rana, kuma lita miliyan 21 yake zubarwa kullum zuwa kogin Gaji. A zafin bazara irin wanda muka je, da rana sanyi za ka ji ya yi maka, da asuba kuma ɗumi, alhali shi bai sake ba. Mutanen wurin suna cewa sunan daga harshen Duguri ne, ma'anarsa "ina kake?"

Babu kowa sai mu biyu. Kawu ya zauna a bakin ruwan ya tsoma ƙafafu, ya yi alwala a natse. Ni na shiga na kwanta rigingine, kunnuwana cikin ruwa, idona yana kallon rassan da suka rufe sama, ruwan yana tafiya da ni sannu sannu. Kafaɗata ta dama, wadda ta shekara ashirin tana tura yadi ƙarƙashin allura, a nan na fara jin ta saki.

Daren farko ya yi mini wuya. Bayan isha muka shimfiɗa tabarma a baranda muka kashe fitila. Na zo ne neman shiru, ga shi na samu, sai ƙarar kunnena ta cika wurin gaba ɗaya, don babu wani abin da zai danne ta. Hannuna yana ta laluben aljihu inda waya take zama. Na fara lissafin ɗinkin da na baro, da kuɗin hayar shago, da yaron da bai iya sa aljihu ba har yanzu. Na ce, "Kawu, wurin nan ya cika shiru." Ya ce, "Shiru? Kai dai ba ka ji ne. Saurara."

Sai ya fara ware mini su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsefe zaren da ya harɗe. Wannan mai kaɗawa ba ƙaƙƙautawa yautai ne, a ƙasa yake kwana. Wancan mujiya ce, kuma biyu ne, ɗaya tana amsa wa ɗaya. Na can ƙasa kwaɗi ne a fadama. Motsin nan cikin busasshen ganye gadu ba ya yin sa, don shi da dare yana rami, wannan mazo ne, ji yadda yake taku biyu ya tsaya. Can dare ya raba wani gwaggon biri ya yi haushi sau biyu daga kan itace, sauran suka ɗauka, sannan suka yi tsit. Kawu ya ce wani abu ne ya wuce ta ƙarƙashinsu. Jim kaɗan daga nesa muka ji kuka mai farawa ƙasa ya hau sama, "uuu-wup". Kura. Ni da na san ta a hannun gardawa da takunkumi da sarƙa, ban taɓa jin muryarta tana mai 'yancin kanta ba. Tsigar jikina ta tashi. Ban san lokacin da na bar lissafin shago ba.

Da sassafe muka hau buɗaɗɗiyar motar zagaya daji tare da ma'aikacin da ke rakiya, don ba a shiga sai da shi. Dalilin da ya sa bazara ta fi kyau da zuwa shi ne ruwa. Tafkuna sun ƙafe, ciyawar gamba da takan sha kan mutum da damina ta bushe ta kwanta, kowace dabba dole ta gangaro kwarin Gaji. Kwarin kuwa kore shar, kurmi da fadama da giginya, kamar an shimfiɗa koren ƙyalle a tsakiyar yadi ruwan toka. Gwambaza muka fara gani, masu gashi buzu-buzu da farin gindi, suna tsaye cikin ruwa iya gwiwa. Sai kanki, mai doguwar fuska da gangararren baya. Sai garken ɓauna a cikin laka, baƙaƙe da jajaye, carki yana bin bayansu yana cire kaska, duk suka ɗago kai suka zuba mana ido, ba wadda ta matsa. Kawu ya ce, "Saniyar sake. Wannan ko Baba ba ya tarar ta shi kaɗai." Dorina hanci da kunne kawai ta nuna mana. Kada yana gaɓa baki buɗe.

Ni idon tela na tafi da shi. Mazo ya fito daga kurmi, jikinsa ja, da fararen layuka da ɗige-ɗige a cinya kamar wanda aka yi wa aiki da farin zare. Zabin daji suka tsallaka hanya a guje, ɗigon jikinsu babu wanda ya fi wani girma. A wata gaɓa da ruwa ya zaftare akwai ramuka birjik, wasu ƙananan tsuntsaye kore masu jan maƙogwaro suna shiga suna fita. Na sha haɗa kore da ja a wuyan riga ya ƙi zama, ga shi nan a jikin tsuntsu ya zauna daram. Tsuntsayen dajin nan sun haura iri 350.

Muna cikin tafiya Kawu ya dafa kafaɗar mai rakiya ya ce, "Samari, ku ɗan tsaya." Burtu ne guda biyu suna takawa cikin ƙonanniyar ciyawa, baƙaƙe, manya kamar talotalo, namijin da jan maƙoshi. Taku suke yi na ƙasaita, a sunkuya a tsinci wani abu, a ɗago a duba, a ƙara gaba. Nan take na gane abin da ke rataye a zaurenmu. Kawu ya ce haka Kaka yake yi: ya ɗaura kan a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe, yana sunkuyar da kai yana ɗagawa daidai yadda tsuntsun ke yi. Namun daji sun saba da burtu, ba sa gudunsa. Wani lokaci tun hantsi har rana ta take yana rarrafen abin da bai fi tsawon filin ƙwallo ba, kuma sai iska tana busowa daga wajen naman zuwa wajensa. Mai rakiyar, yaro ne da bai wuce talatin ba, ya juyo gaba ɗaya yana saurare, ya ce, "Baba, ashe ku ne malamanmu."

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma itace ne. Mun tsaya a inuwar wata ƙirya, kaurinta sai mutum biyu sun haɗa hannu. Na san ƙirya sarai, amma a buhu na san ta. Gawayinta ya fi kowanne riƙe wuta, shi maƙera suke nema, ni ma shi nake cewa a kawo mini don dutsen gugar shago in babu lantarki. Ban taɓa ganin ta a tsaye da girmanta haka ba. Ga kawo, ga marke, ga maje, ga madobiya wadda aka yi ta sarewa a dazukan Arewa ana lodawa zuwa Chana. Na tambayi Kawu me ya cinye dajinmu na gida. Na zaci zai ce gwamnati ko baƙi. Sai ya ce, "Mu ne. Baba ba ya harbin mai ciki, ba ya harbin mai shayarwa, in ya samu ɗaya ya dawo gida. Amma mu da muka biyo baya mun yi farautar gayya da karnuka, mun sa wa daji wuta don ɓera da zomo. Aka zo da fitilar goshi da bindigar bature. Gona ta ci gaba, gawayi ya bi ta. Ni da hannuna na sare kukar da muke hutawa a ƙarƙashinta." Ya faɗa ne ba tare da ya kare kansa ba, ni ma ban ga ta inda zan kare kaina da buhunan gawayina ba.

Shi ya sa nake ganin girman masu sintirin dajin nan. Kwanaki suke yi a ƙafa da kayansu a baya, suna kwana inda dare ya same su, suna fama da masu farautar sata da masu shigo da shanu, kuma akwai waɗanda suka rasa rayukansu a kan wannan aiki. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta daɗe tana aiki tare da su, har an sa wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam. Giwayen da suka rage ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, kuma suna cikin garkuna mafi girma da suka saura a Najeriya. Zaki ma akwai, amma 'yan kaɗan ne ƙwarai, mu ko sawunsa ba mu gani ba. Damisa an ɗauka ta ƙare, sai a 2017 kyamarar da ake ɗaurewa jikin itace ta ɗauko hoton ɗaya. Sai dai ni ɗan manoma ne, ba zan manta da mutanen ƙauyukan da ke kewaye ba. Mutum ya yi noma damina guda, giwaye su fito dare ɗaya su tashi gonar. Duk mai son giwa ta rayu dole ya so manomin nan ya samu abin da zai ci, in ba haka ba maganar ba za ta zauna ba.

Tsakar rana ba a komai. Zafi yakan kai inda ko gwaggon biri sai ya nemi inuwa ya zauna yana gyangyaɗi. Mukan jawo kujera ƙarƙashin itace, Kawu da carbinsa, ni da kofin shayi, mu yi awa biyu ba wanda ya ce uffan. Tun ina yaron shago rabon da in zauna hannuna ba ya riƙe da komai. Rana ta biyu muka je kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka fafe a jikin dutse, ƙofar kowanne 'yar kewayayya sai da rarrafe. Sunan wani mai bincike, P. J. Marshall, aka sa musu, wanda ya bayyana su a 1980, kuma ana kyautata zaton mafaka ce ta zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi. Akwai kuma rijiyoyin Dukkey fiye da 130 masu haɗe da juna ta ƙasa, da tsofaffin matoyar tama. Na leƙa cikin ɗaya daga ɗakunan na ji sanyi da duhu. Mu mun zo ɓuya daga hayaniya da kuɗinmu da motarmu, waɗannan bayin Allah da 'ya'yansu a goye suka zo ɓuya.

Giwaye sai yammacin rana ta biyu. Tun safe muke ganin alamarsu: kashi tuli-tuli, rassa a karye, itace an saɓule masa ɓawo. Kawu ya duba wani kashin daga kan mota ya ce na jiya ne, wani kuma ya ce wannan bai wuce awa biyu ba, ga shi ko ƙuda bai gama taruwa ba. Rana ta yi ja muna bakin wata fadama, sai muka ji "ƙas!" kamar an karya azara. Direba ya kashe mota. Na daɗe ina kallon kurmin ban ga komai ba, sai wani abu da na ɗauka inuwa ce ya kaɗa kunne. Babbar uwa ce ta fara fitowa, ita ke jan garke. Ta tsaya ta ɗaga hanci sama tana shinshinar iskarmu. Sannan sauran suka biyo, na ƙirga goma sha tara na rikice, da wani ɗan ƙarami da yake tafiya a ƙarƙashin cikin uwarsa yana tuntuɓe da hancinsa. Wata 22 giwa take ɗaukar ciki kafin ta haifi irin wannan, shi ya sa in aka kashe ɗaya ba a mayar da gurbinta da wuri.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin ƙarar tafiyarsu. Dabba mai nauyin motar kaya, amma takunta ba ya kai na akuya amo. Abin da ake ji sai wani gurnani can ƙasa ƙasa, wanda ƙirjinka yake fara ji kafin kunnenka. Suka sha ruwa, suka watsa wa bayansu ƙasa, suka tsallaka gabanmu suka shige ɗaya kurmin, ganye ya rufe. Mu shida ne a motar, babu wanda ya yi magana har direba ya ga duhu zai kama mu. Kawu dai tasbihi yake yi a hankali.

A daren nan, muna baranda, ni na riga Kawu cewa ga mazo can yana taku. Ya yi murmushi ya ce daidai. Sai na tuna da gyaren kunnena. Sai da na neme shi da gangan sannan na same shi, ya koma can ciki, siriri, ƙasa da kukan kwaɗi.

Amma gwanki bai fito ba. Fita huɗu muka yi, safe da yamma, babu. Mai rakiya ya ce suna nan, sai dai sun fi son tudu cikin itatuwa, kuma ba sa yarda da mota. Kawu ya ce ba komai, abin da ya gani ma ya isa godiya, amma na san shi, na ga yadda yake bin kowace inuwa da ido. Na kwanta ina tunanin yadda bakinmu yake cike da dabbobin da idonmu bai sani ba. Mu ce wa mutum toron giwa, mu ce zaki, mu ce gwanki sha bara. Raƙumin dawa ya ƙare a Yankari, irin namu na Afirka ta Yamma sai a Nijar, galibi wajen Kure kusa da Yamai, ya saura. Yaran shagona su biyar, da na dawo na tambaye su, babu wanda ya iya gaya mini ko kanki tsuntsu ne ko dabba.

Ranar Alhamis muka yi sallar asuba, muka yi wankan ƙarshe a Wikki, tururi yana tashi a kan ruwan, burtu yana buga gangarsa daga nesa, "gum, gum-gum". Muka ɗaura kaya muka kama hanyar ƙofa, ni ke tuƙi, a hankali, gilashi a sauke. Mun yi kamar rabin hanya, rana ta fara ratsa itatuwa a kaikaice, sai Kawu ya kama hannuna a kan sitiyari ya ce, "Tsaya. Kashe."

Na kashe. Ban ga komai ba sai kututture da busasshiyar ciyawa. Ya ce, cikin raɗa, "Bar neman jiki. Nemi kunne." Sai na gan su, kunnuwa biyu dogaye masu tsini, da ɗan gashi a ƙarshensu, sun buɗe gefe da gefe. Daga kunnen sauran jikin ya fito mini. Tsayinsa kamar ingarman doki, launinsa tsakanin ja da toka, geza a tsaye bisa wuya, ƙahoni masu gaɓa-gaɓa sun lanƙwasa baya kamar lauje. Fuskar kuwa baƙa ce da fari kewaye da ido da baki, an raba launin tsaf, ko ni da alli da almakashi ban isa in fitar da shi haka ba. Yana tsaye ya ba mu gaba, bai fi taku sittin ba. A bayansa wasu suka motsa, mata da 'yan maruƙa biyu.

Kawu ya ƙirga da yatsa a kan gwiwarsa, bakwai. Idon da aka yi wa aiki yana zubar da ruwa, bai share ba. Na ji yana magana ƙasa ƙasa, na zaci addu'a ce, ashe kirari yake yi masa irin na maharba, wanda ya ji a bakin mahaifinsa, kalmomin da rabinsu ban taɓa ji ba. Ya ce Kaka a duk rayuwarsa biyu ya taɓa samu, kuma kowanne sai da ya yi kwana uku yana bin sa.

Namijin ya yi tsaki ta hanci, ya buga ƙafar gaba sau ɗaya. Matan suka juya suka shige da 'ya'yansu. Shi ya ƙara tsayawa, sai da na ƙarshensu ya ɓace, sannan ya juya ba gaggawa ya bi su, ƙahonin suna ratsa rassa har muka daina ganinsu.

Muka zauna a motar a kashe. Wata kurciya tana kuka a kan marke. Can Kawu ya goge fuska da gefen 'yar shararsa ya ce, "Ta da motar, ɗan nan. Na gani."

Har muka kai Mainamaji fuskarsa tana wajen taga. Wayar kuwa sai a gadar Dindima na tuna da ita.